Kanwar Teku

Ran Laraba Barira ta turo hoto
a wayar Mudi mai caji.
Na bar daka, na goge hannu a gefen zane,
na ce a nuna mini ɗiyata.
Babu ɗiyata a ciki.
Sai wata ƙanƙara, doguwa kamar taɓarya,
gindinta ya rine, kalar ruwan shayi.

Da ta kira na ce, wannan dattin
kika bar Baturiya ki je gani?
Ta yi dariya, haƙoranta na kaɗawa don sanyi.
Ta ce, Inna, rai ne.
Gansakuka ce, dangin wadda ke sa santsi
a bakin rijiyarmu,
sai dai ita cikin ƙanƙara ta kafa gida,
a 'yan lungunan ruwan gishiri
da ba su kai zaren ɗinki kauri ba.
Wata da watanni rana ba ta leƙo ta,
tana nan, ta yi likimo.
Ran da haske ya dawo ta tashi.
Ƙananan halittu su kankare ta su ci,
kifi ya ci su, tsuntsu ya ci kifi,
har a kai ga wanda ya fi ɗakinmu girma.

Na ce, ashe ita ce gerensu.
Ta ce, ita ce.

Sannan muryarta ta sauka.
Wai tekun yana tsami.
Hayaƙin da duniya ke fesawa sama
teku ke shanye wani kaso,
kuma ruwan sanyi ya fi kwaɗayinsa,
kamar lemon kwalba, Inna,
mai sanyi ya fi riƙe iskarsa.

To, tsami dai na san shi.
Na san nonon da ya kwana uku a ƙwarya.
Na san yakuwar da ke kashe haƙori.
Shekara arba'in ina tsaye kan murhu,
in miya ta yi tsami ba na kiran kowa,
ɗan ɓarin kanwa nake jefawa,
ta yi kumfa, ta huce.
Na ce, ku sa masa kanwa mana.

Shiru.
Na zaci kuɗin Mudi ne suka ƙare.
Can ta ce, Inna, wace tukunya?
Wane ludayi?

Na ce, to mutuwa take yi, gansakukar?
Ta ce ba haka kai tsaye ba.
Mai taurin kai ce, ta saba da wuya,
a kwalabensu wata ta jure, wata ma ta ƙara tofo,
wata ta canza, ba su gama gane yadda ba.
Ga kuma gidan nata yana narkewa.
Abin da ba su sani ba ya fi yawa,
shi ya sa take can.

Wannan na gane shi sarai.
Kacalla ma ba rana ɗaya ta cinye mana fadama ba.
Kore ce shar, gwanin kyau,
har ranar da babanta ya tura kwalekwale
bai sami hanyar wucewa ba.
Ba duk tofo ne lafiya ba.

Ran kasuwa na sayi ƙanƙarar naira ɗari,
ba don zoɓo ba.
Na ɗaga ta saitin rana ina leƙe,
ko zan ga ɗan kore, ko ɗan ja-ja.
Yara suka taru suna kallon tsohuwa.
Ba kowa a ciki.
Ruwan ya bi gwiwar hannuna
ya ɗiga a ƙasa.

Kanwar dai na ƙulle ta a leda.
Tana nan cikin kwalla,
in ta dawo ta ga ko za ta yi.