Sai Alhamis

Sun ɗebi jinina a Idi-Araba,
kwalba uku, suka liƙa sunana,
suka ce in dawo Alhamis.
Yau Litinin.

Danfo ya maƙale a Oshodi,
hannuna ya sake komawa wuya
yana lalubar ƙullin nan.
Jiya kamar gujjiya. Yau fa?
Yatsa maƙaryaci ne.

Sau biyu na ba mai sayen albasa canji.
Hansatu ta kira daga Funtuwa,
na ce lafiya lau, sai dai ruwan Ikko.

Can cikin dare janareton maƙwabci ya mutu.
Na ji zuciyata tana ta aikinta,
ba ta jiran takardar kowa.
Na tashi na wanke rigar gobe.