Keji Lamba Tara

Shekara goma sha ɗaya na yi ina share wannan keji
a gefen Bradford, garin da ruwan sama ba ya sallama.
Damisa ce a ciki. A allo an rubuta Saffron,
ni kuwa Baƙuwa nake ce mata,
don giwa a garin wani zomo ce,
wannan ba sai an faɗa mini ba.

Ƙarfe uku nake jefa mata nama.
Taku bakwai zuwa bango, taku bakwai ta dawo,
har siminti ya lotsa
kamar hanyar rijiya.

Yanzu babu dabba ko ɗaya. An cire kwaɗo, shiga kyauta.
Wata mai fasaha, Imogen Thackray,
ta rataya ƙararrawa ɗari biyu a rufin kejin,
kowace da sunan wata halitta da ta ƙare a duniya,
sai dai ta zare musu harshe.
Iska na kaɗa su, suna lilo,
shiru.

Jikata Nusaiba ta ja mini riga:
"Kaka, sun lalace ne?"
Na ce haka aka ƙera su.
Ta ce to na mene ne?
Na yi kamar ina neman wani abu a aljihu.

A tafkin dorina an kwashe ruwa, an shimfiɗa madubi,
wai kowa ya leƙa ya ga mai laifi.
Wannan na gane shi, bai taɓa ni ba.
Na saba da fuskata.

Mahaifina a Ningi yakan ce, suna yara,
kukan kura ke kora su ɗaki.
Ni ban taɓa ji ba.
Sai da na ƙetare teku, cikin rigar sanyi biyu,
na haɗa ido da kura,
waya a tsakaninmu.

Clive, tsohon abokin aikina, shayi yake sayarwa a bakin ƙofa.
Ya ce 'yan kwangila sun so su cike lotsawar nan,
matar ta hana.
Ba ta sa mata suna ba, ba ta kafa allo ba.

Nusaiba ta shiga, ta bi ta da takalmin roba ja.
Ina ƙirgawa ban sani ba.
Goma sha biyu zuwa bango.
Ta juyo.

A kusurwar hagu, in ƙasa ta jiƙa,
har yau warin yana tashi.
Mutane suna toshe hanci su wuce.
Ni nakan tsaya kaɗan.