Matakala Ɗari da Arba'in da Ɗaya

A Valparaiso gidaje a rataye suke jikin tudu,
kamar shanyar da aka manta ba a kwashe ba,
shuɗi, ɗorawa, ja, rufin kwano duk tsatsa.
Ɗakina yana can ƙololuwa,
gidan Doña Eduvigis, wadda ta tsufa a kasuwar kifi,
har yau tafinta na ƙamshin gishiri da lemun tsami.

Shekarata ta uku ke nan a karatun jinya.
Na san sunan kowace jijiya a wuyan ɗan Adam,
amma na manta ranar da na ci abinci a zaune.
Kofi da safe, kofi da rana,
kofi ƙarfe biyun dare, ido jawur kamar gauta.
Na haddace babin barci kaf,
barcin ne ban yi ba.

Ran Talata a ɗakin gwaji
allura ta suɓuce daga yatsuna.
Hannun ke rawa, ba tsoro, ba sanyi.
Anselmo ya tsince ta, bai ce uffan ba,
shirun nan ya fi faɗa ciwo.

Da yamma na tarar taragon da ke hawa da mu tudu ya lalace,
an manna takarda: sai bayan wata guda.
Na tsaya gindin matakala ina tsaki.
Na hau, ina ƙirgawa don haushi.
A ta sittin numfashi ya ƙi,
na zube kusa da wata kyanwa mai kunne ɗaya,
na waiwaya,
ashe teku na nan shimfiɗe a bayana,
shekara uku yana jira in juyo.

Tsohuwa ta dube ni daga bakin ƙofa.
"Ignacia, jiki ba jakin haya ba ne."
Ta ture littafin da gwiwar hannu,
ta dire kwanon wake da kabewa da masara,
ta tsaya a kaina sai da na ga gindin kwanon.
Goma na bugawa ta miƙo hannu.
Na ba ta wayar,
ta binne ta a gwangwanin shinkafa, ta danne murfi.
"Kifi ma da ba ya rufe ido yana barci."

Na ce jarrabawa saura kwana tara.
Ta ce, "Rijiyar da ba a bari ta taru,
taɓo guga ke fitowa da shi."

Ba zan yi ƙarya ba, sau biyu na sato wayar,
ina sanɗa kamar ɓera a ɗakin girki.
Ƙwayar shinkafa a kan matashi ta tona ni.
Ba ta yi faɗa ba,
sai dai da safe na ga tuffa a aljihun rigata,
da tsohuwar kwalbar zuma cike da ruwa.
"Kada ta dawo mini da nauyi," in ji ta.

Kwana biyar ina hutawa a ta sittin,
ran na shida sai a ta tamanin na tuna.
Karatun da nake dambe da shi tsakar dare
da asuba sai ya shigo da kansa, ya nemi wuri ya zauna.

Jarrabawa ta zo ta wuce.
Ban zo ta ɗaya ba, ban kuma faɗi ba.

Jiya aka gyara taragon, layi har bakin titi.
Anselmo ya ɗago mini hannu daga ciki.
Na gyara jaka, na nufi matakala.
A ta sittin na tsaya, ba don gajiya ba,
kyanwar ce ta saba da ni.
Na miƙa mata hannu, na dube shi da kyau:
tsit yake,
kamar ruwan gaɓa kafin masunta su farka.