Matar Asahel

A shafin farko na Littafi Mai Tsarkin gidanmu
tawada ta koɗe, ta koma launin ruwan shayi.
Asahel Penniman, shekara ta dubu da ɗari takwas da sha ɗaya,
ya taso daga Connecticut da amalanke guda,
bijimai biyu, gatari, tukunyar ƙarfe,
ya sauke kaya a Ohio, inda babu kowa sai kurmi.
Haka aka rubuta. Babu kowa.

Asahel ya haifi Eliphalet.
Eliphalet ya haifi Lyman, wanda ya je yaƙin basasa
ya baro hannunsa na dama a can.
Lyman ya haifi Orrin mai kiwon zuma,
Orrin ya haifi Merle, babana.
Maza na ta haihuwar maza, shafi guda cur,
sai ka ce ba a taɓa ɗora ruwan zafi a gidan ba.

Bayan cocin katako, inda shinge ya kwanta,
akwai dutsen da bai kai gwiwata ba.
Na durƙusa da ƙyar, na kankare gansakuka da makullin mota.
Matar Asahel. Shekara talatin da huɗu.
Shi ke nan.
Mai sassaƙa kuɗin kowane harafi yake karɓa,
kuma a bara ta bana alkama ba ta yi ba.

Gwaggo Lovina ta rantse sunanta Tirzah.
Wata rana kuma ta ce a'a, Tirzah saniya ce.
Magatakardan gunduma ya juya mini tafin hannu:
gobara ta cinye rajista tun kafin a haifi kakansa.

Ga abin da ya tsira, daga baki zuwa baki:
ta ɗinke 'ya'yan tuffa a lafin siket ɗinta,
ta taka da ƙafa kwana arba'in da ɗoriya
don kada nauyinta ya ƙara wa bijimai wahala.
Ta binne yara uku kafin bishiyar ta yi fure.
Daren da ƙanƙara ta toshe ƙofa
ta shigo da ɗan maraƙi ɗaki, ta kwantar da shi gefen murhu,
Asahel na ta faɗa.

An ce tushiya mafarin dawa.
To, amma tuffar da aka shuka daga ƙwaya
ba ta ɗauko ɗanɗanon uwarta,
kowace da irin halinta take fitowa.
Tamu tsami gare ta, mai sa ido ƙwalla.
Aladu kaɗai ke murna da ita, sai ni.

Akwai kuma gwangwanin taba a kan tagar babana.
Duk bazara garma sai ta tono masa tsinin kibiya,
baƙin dutse, an fere shi da haƙuri.
Goma sha bakwai na ƙirga.
Wani ya zauna bakin rafin nan yana ferewa,
wata ta kira shi cin abinci da sunansa.
Ina yarinya na tambayi babana, su wane ne?
Ya ce Wyandot, ko waɗanda suka riga su,
ya ce in miƙo masa gishiri.

Babu kowa sai kurmi.

Jikata ta aiko mini da 'yar kwalba daga Columbus,
wai in tofa yawu, na'ura za ta faɗi asalina.
Tana nan kan firiji, ban buɗe ba.
Ranar Talata masu sayen gonar za su zo da igiyar awo.

Yau da dare na buɗe littafin.
Tsakanin Asahel da Eliphalet akwai 'yar tazara,
ba ta fi faɗin farce ba.
Na ajiye biro, na ɗauki fensir.
Na daɗe.
A waje tuffa ta faɗo kan kwanon rumfa,
kare ya ɗaga kai, ya koma barci.