Daidai Fuskar Yaro

A tsibirinmu, inda kogin Meghna ke gutsurar gaɓa
kullum damina, ba ya ƙoshi,
nan asibitin yake: ɗaki huɗu, rufin kwano,
da ni, Jhorna, mai jinya,
shekara sha ɗaya ina kwanan zaune.

Ba na manta Lipi.
Damina uku ke nan.
An tsamo ta daga kududdufin bayan gida,
ganyen bado manne a gashinta,
uban ya shigo da ita a kafaɗa kamar jiƙaƙƙen damin shinkafa.
Na ja aljihun tebur.
Takunkumin iska ɗaya ne, na babban mutum.
Na ɗora, ya rufe ido, ya zarce haɓa,
iska na zurarewa ta gefe
kamar mai ɗiban ruwa da kwando.
Allurar ma ta manya ce, sai na raba ta da ka:
rabi? kwata? nauyinta nawa?
Kafin in gama lissafina
ta gama nata.

Uban bai zage ni ba. Da ma ya zaga.
"Kin yi ƙoƙari," kawai ya ce,
ya warware mayafin wuyansa ya lulluɓe ta.

Aka ce kwana ne ya ƙare. Ban musa ba.
Amma na rubuta wa Dhaka, na sake rubutawa:
yaro ba guntun babba ba ne,
ba a sa wa jinjiri takalmin uba a ce ya yi gudu.
Shiru, kamar an shuka dusa.

Sai bara, bayan girbi, ga akwati
da tambarin ma'aikatar lafiya,
ga wata malama mai tabarau rungume da 'yar tsanar roba.
Kwana shida muna durƙushe kan tsana:
danna, ƙirga, hura, sake.
Har Kanchon mai kwalekwale aka koya wa,
aka ba shi inji da fitila da lambar kira kyauta.
Yana ta mitar man ba ya kai wata.
Da gaskiyarsa.

Cikin akwatin, takunkumi uku,
ƙaraminsu bai fi bakin kofin shayi ba,
da tef mai launi-launi:
a shimfiɗa daga ka zuwa dunduniya,
inda ƙafa ta tsaya, launi ya faɗi awon magani.
An daina caca da rabi da kwata.

Daren Talatar nan ana ruwa kamar da bakin ƙwarya
Kanchon ya faɗo, tsamo-tsamo,
Tuhin a hannunsa, ɗan wata sha takwas,
leɓe ya yi shuɗi.
"Ƙanena ne ya tuƙa," in ji shi,
"ni ina dannawa, ban tsaya ba."
Aljihu na uku. Tef. Launi.
Takunkumi ya zauna ɗas, kamar don shi aka ƙera.
Ƙirji ya tashi.
Ya sauka.
Ya tashi.
Sai tari, sai aman ruwan kududdufi a rigata,
sai kuka, irin wanda ke tsaga kwano.
Uwarsa ta zube a ƙasa tana dariya da hawaye,
Kanchon ya juya baya yana share abin da ya ce ruwan sama ne.

Ni ban yi guɗa ba.
Akwai tsibirai ƙasa da mu da akwatin bai taka ba,
tukunyar iskarmu ta kusa ƙarewa,
kasafin baɗi kuwa ciki ne, wa ya san abin da zai haifa?

Na wanke takunkumin, na shanya a taga.
Da asuba uban Lipi ya wuce da komarsa,
ya ɗaga mini hannu. Na ɗaga.
Na goge tebur, na jawo takarda,
biro ya ƙi, na girgiza shi,
na fara wata wasiƙar.