Tankin Bayan Gida

Kawu Barau ya shekara arba'in yana jefa birgi a Galma,
bai taɓa saya wa kifi ko ƙwayar gero ba.
Ranar da ya leƙa tankina a Dakace
ya yi dariya har hularsa ta faɗi:
"Yanzu kai ne ke tuƙa wa tarwaɗa tuwo?
To, Allah ya sa ta gode."

Dubu ɗaya na zuba, kowanne bai kai ɗan yatsa ba,
ina ƙirgawa, Baraka na rubutawa.
Da sati shida ya cika muka sake lissafi:
ɗari bakwai da sha ɗaya.
Ba ɓarawo, ba muzuru, ba shirwa.
Wasu ƙatti bakwai ne kwance a ƙasan ruwa,
tumbi tim, gashin baki na rawa,
sun yi kalaci da ƙannensu.
Tun ranar na rage mamakin mutane.

Buhun abinci, bara da ciniki ake saye.
Bana sai ka yi sallama, ka ji kuɗi, ka gyara hula.
Farashi ya miƙe kamar rimin Zazzau,
ba reshen da hannu zai kama,
shi kuwa kifi bai san azumi ba.

Sai makon da wuta ta kwana huɗu ba ta leƙo mu ba.
Janareta ya yi tari biyu, ya yi shiru.
Ruwa ya yi kore, ya ɗau wari,
suka taso suna haki, baki sama.
Ni da Baraka muka ja guga har assalatu,
tafin hannunta ya yi kanta, ba ta ce uffan ba.
Sittin muka tsame da safe, farin ciki a sama,
kai, wannan suna bai dace da abin da na gani ba.
Na binne su a gindin gwanda.
Gwandar ta yi 'ya'ya har tana rinjaya,
ban iya cin ko ɗaya ba.

Ɗanlami dillali ya zo da sikelinsa.
Ya san mai kifin da ya isa kwasa ba ya iya jira:
kowace safiya ci suke, kuɗi na nutsewa.
Ya yanka farashi, na haɗiye yawu.
Iya Talle ta Tudun Wada ce ta ja ni gefe:
"Ba shi rabi. Kawo rabi in kyafe.
Kifin da ya sha hayaƙi ba ya gaggawa,
mai saye ne zai zo ya same shi."

Yanzu Baraka na karatu a Samaru.
Ta dawo da tsutsa cikin baho, wai abinci ce,
a haɗa da waken suya da dusar masara.
Ta ce mu sa faranti a rufi, rana ta ja mana ruwa.
Ta ce mu ƙyanƙyashe namu, mu daina sayen 'ya'yan wasu.
Ruwan da nake zubarwa ta yi masa hanya,
alayyahu ya yi baƙi ƙirin a bayan katanga.
Ban ce na yarda da duka ba.
Na dai sayar da babur.

Jiya Kawu Barau ya dawo, ba dariya.
Kwana uku a Galma, karfasa shida,
su ma ƙanana, abin kunya a kai kasuwa.
Ya daɗe tsaye yana kallon ruwa na tafasa
inda na watsa abincin yamma.
Can ya ce, yana duban wani wuri,
"Irin wannan tanki, nawa ake ginawa?
Ba don ni ba. Don yaron nan, Shekarau."

Na miƙa masa kwanon.
Ya ɗiba, ya auna a tafinsa,
ya watsa
kamar mai jefa birgi.