Jan Fenti a Ƙofar Ƙaura

Jiya Badamasi ya sauke injuna goma sha biyu
daga bayan tirela, nan Ƙofar Ƙaura.
Ya aiko yaro: a kira ɗan Japan ya duba mana.
Na tsuguna, na share baƙin mai da tsumma,
sai ga lamba bakwai da jan fenti,
mai ƙugiya a wuya,
irin wadda Malam Tukur ya sha murɗe mini kunne a kanta.
Rubutuna ne.
Injin nan ni na sauke shi.

Shekara shida ina kwance motocin da ba su mutu ba.
Can mota ba ta tsufa, gajiya da ita ake yi.
Tsoho Morita bai iya tsawa ba,
agogo kawai yake duba,
kuma duban nan ya fi dorina shiga jiki.
Takwas saura kwata mun jeru a fili,
ni da ɗan Pakistan da 'yan Biyetnam biyu,
rediyo na ƙirga mana, muna miƙa hannuwa sama
kamar masu roƙon ruwa.

Ɗakina taku huɗu ne, na biyar bango.
In na yi tari, maƙwabci ya ji.
Karatun asuba sai a maƙoshi,
daidai lokacin da Inna ke kashe fitila a Sabuwar Unguwa.
Ina gaba da ita da awa takwas,
kullum ni nake fara ɗanɗana mata gobe.

Tsohuwar ƙasan bene ta taɓa dawo mini da sharata
har bakin ƙofa, a ɗaure, da 'yar takarda.
Ashe gwangwani da ranarsa, kwalba da ranarta,
ni kuwa na haɗa su kamar gero da tsakuwa.
Kwana uku ban iya haɗa ido da ita ba.
Ran na huɗu ta ajiye mini lemu biyar.
Har na baro ƙasar ba mu yi hirar da ta wuce sunkuyo ba.

A kanti nakan daɗe ina juya leda,
ina haska ta da waya, ko akwai alade a ciki.
Kukar da na taho da ita ta ƙare a wata na bakwai.
Wata rana na buɗe wani wake mai yauƙi,
warin daddawa ya doke ni,
na zauna a ƙasa na ci da hawaye, babu ko gishiri.

Jirgi yakan cika har a danna mutane,
amma kujerar gefena sau da yawa ba kowa.
Da farko abin ya ci mini rai.
Daga baya na riƙa ɗora jakata a kai.
Juma'a kuwa jirgi biyu ce da tafiyar ƙafa,
in Morita ya ga dama.
Daren da ƙasa ta girgiza, cokula na rawa a kwano,
ni kaɗai na fito titi da salati, ba takalmi.

Yanzu ga ni gida.
Ana kirana da suna tun daga tsallaken kwalta,
mai shayi ya san yawan sukarina.
Sai dai ina zuwa ɗaurin aure kafin a shimfiɗa tabarma,
ledar ruwa kuma takan kwana a aljihuna
don na rasa inda zan jefa ta.

Badamasi ya ce, to, yaya, lafiyayye ne?
Na ce saya, ko gwaji kar ka yi.
Ran da na sauke shi yatsuna sun ƙage don sanyi,
amma ko noti ɗaya ban lauye ba.

Da na miƙe, yaran gareji suka fashe da dariya.
Wai sun ga na sunkuya wa inji.